Beetle 1972: injin yana shaƙewa da an taka totur

Salam, masana. Volkswagen Beetle ce ta 1972, inji 1600, ta shekara 12 a ajiye. An wanke tanki, an sa sabon tiyon mai da filogi huɗu, an saita bawul a 0.15mm injin yana sanyi. Kafireta Solex 34 PICT-3 ce, ita ma an wanke ta, famfon totur yana feso mai.

Silo lafiya lau. Amma da an taka totur sai ta shaƙe kamar za ta mutu, sannan ta fizga. Distributa (mai raba wa filogi wuta) ta asali ta lalace, aka sa Bosch 009, wadda ba ta da tiyon iska mai haɗa ta da kafireta. Ita nake zargi, domin da gyar kafiretar nan take jituwa da ita. Don Allah, gyaran taimin zai isa, ko dole a nemo mai tiyon iska?