Gidan Borley na Ingila: Ta Yaya Ake Tantance Labarin Fatalwa?

Ɗan Kurmi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tambayata ta shafi wani tsohon gida ne a ƙauyen Borley da ke yankin Essex a ƙasar Ingila, wanda aka yi wa laƙabi da gidan da ya fi kowane gida fatalwa a ƙasar baki ɗaya. Wani limamin coci mai suna Henry Bull ne ya gina shi a 1862 domin ya zauna da iyalinsa masu yawa, kuma tun a zamanin iyalin nasa ake cewa ana jin takun sawu cikin dare, ana kuma ganin wata mace sanye da tufafin 'yan zuhudu, wato Kiristocin da ke keɓe kansu don ibada ba sa aure, tana kai-komo a lambun gidan. An ce ranar 28 ga Yuli, 1900, 'ya'yansa mata huɗu sun gan ta tare da almuru, suka yi ƙoƙarin yi mata magana, ta ɓace.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan ba labarin bakin kasuwa ba ne kawai. Wani sanannen mai bincike, Harry Price, ya shafe shekaru yana bin diddigin gidan, har ya kama shi haya, ya zuba mutane 48 suna sa ido, ya kuma wallafa littattafai biyu a kansa. Duk da haka, daga baya wasu masana suka fito suka ce babu abin dogaro a cikin aikin nasa. To, idan binciken da aka yi da mutane masu yawa haka bai tsira daga zargi ba, wace hanya ce ingantacciya ta gano gaskiyar abin da ake cewa yana faruwa a irin waɗannan gidaje? Sannan mu da muka yi imani da samuwar aljanu, shin wajibi ne mu karɓi irin wannan labari? Ina neman ƙarin haske daga masu sani.

Malamar Tarihi ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Yawan masu sa ido ba shi ne ke sa bincike ya inganta ba, kuma gidan Borley misali ne ƙarara na hakan. Abin dubawa na farko shi ne yadda Price ya shigo cikin maganar. A 1928 wani sabon limami, Guy Eric Smith, ya tare a gidan da matarsa, suka riƙa jin ƙararrawar kiran barori tana kaɗawa ba tare da kowa ya taɓa ta ba, sai suka rubuta wa jaridar Daily Mirror suna neman a haɗa su da masu bincike. Jaridar ta aiko da wakilinta a watan Yunin 1929, ita ce kuma ta kawo Price. Daga ranar da ya sa ƙafa a gidan, al'amura suka sauya kama. A da, iyakar abin da ake faɗa shi ne an ji motsi ko an hango wata siffa daga nesa, amma da zuwansa sai aka fara jifa da duwatsu da tsakuwa, kayayyaki suna faɗowa daga saman bene. Matar Smith ta faɗa daga baya cewa tana zargin shi da kansa ne yake yin jifar. Wani wakilin jaridar Daily Mail, Charles Sutton, ya ce wata rana da tsakuwa ta same shi a gidan, ya cafke Price, ya tarar aljihunansa cike da tsakuwa. Sai dai bai buga wannan zargi ba sai a 1948, bayan rasuwar Price, lokacin da wanda ake zargi ba shi da bakin kare kansa, kuma adalci ne a faɗi hakan.

Lokacin da abubuwa suka fi tsananta shi ne tsakanin 1930 da 1935, zamanin da limami Lionel Foyster ya zauna a gidan da matarsa Marianne, wadda ya girme wa nesa ba kusa ba. A lokacin ne aka riƙa ganin rubuce-rubuce da fensir a jikin bango ana kiran sunanta ana neman taimako, ana fasa tagogi, ana kulle ƙofofi. Kusan duk abin da ya faru, ko dai ita kaɗai ce ta gani, ko kuwa ya faru ne a daidai lokacin da ba kowa tare da ita. Shekaru da yawa bayan haka ta amsa cewa tana da wata alaƙa ta ɓoye da wani ɗan haya a gidan, kuma ta riƙa fakewa da zancen fatalwa domin rufe sawunta. Price da kansa ya yi zarginta tun a wancan lokaci, amma da ya zo rubuta littafinsa na 1940, abubuwan da suka faru a zamaninta ne suka zama ƙashin bayan hujjarsa.

Yanzu mu zo kan mutane 48 da ka ambata. A watan Mayun 1937 Price ya kama gidan haya na shekara guda, ya buga talla a jaridar The Times yana neman masu sa kai. Kowanne daga cikinsu an ba shi ɗan littafin umarni wanda a ciki aka zayyana irin abubuwan da aka saba gani da ji a gidan, har da inda ake ganin 'yar zuhudun. A ganina nan ne aikin ya lalace tun kafin a fara shi, domin wanda aka gaya wa abin da zai gani, aka kuma ajiye shi a kangon gida cikin duhu, ba sauran shaida mai zaman kansa ba ne. Duk da wannan shiri, abin da suka rubuta a tsawon shekarar bai taka kara ya karya ba: ƙananan sautuka, sanyi a wasu wurare, da wasu 'yan kayayyaki da aka ce sun gusa daga da'irar alli da aka zagaye su da ita.

A 1956 mutum uku daga ƙungiyar SPR ta Landan, wadda aka kafa tun 1882 domin binciken irin waɗannan al'amura, wato Eric Dingwall da Kathleen Goldney da Trevor Hall, suka fitar da rahotonsu. Hanyar da suka bi ita ce amsar tambayarka. Ba su je sun kwana a kango suna jiran fatalwa ba, tunda a lokacin ma an riga an rushe gidan. Takardun Price na asali suka ɗauko, da wasiƙunsa, da bayanan farko da shaidu suka bayar, suka gwama su da abin da ya buga a littattafansa, sai suka tarar an ƙara wa labarai gishiri, an kuma yar da bayanan da ba su dace da zancen fatalwa ba. Sauran abubuwan kuma suka danganta su ga ɓeraye da kuma yadda fasalin ginin ke ɗaukar sauti daga wani sashe ya kai shi wani. Ita kuwa tatsuniyar 'yar zuhudun da aka ce an toshe ta da rai a cikin bango saboda soyayya da wani ɗan zuhudu, babu wata takardar tarihi da ta goyi bayanta.

Injiniya Mai Gine-gine ya amsa:

Malama ta gama da ɓangaren shaidu, ni kuma zan yi magana a kan ginin kansa, domin duk mai binciken da bai fara da duba rufi da bututu da murhu ba, ya tsallake matakin farko. Tsohon gida na katako da bulo yana yin ƙara idan dare ya yi, saboda katakon da ya sha zafin rana yana tsukewa idan sanyi ya sauko, kuma ƙarar kan bi allunan bene ɗaya bayan ɗaya, har mai saurare ya rantse takun mutum ne. Ƙararrawar barori kuwa da dogayen wayoyi ake jan ta, waɗanda suka ratsa ta cikin bango da ƙarƙashin rufi, inda ɓera ɗaya ya isa ya kaɗa ta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka tare a wani tsohon gida, suka fara jin takun sawu da muryoyi, suna ganin mutane tsaye a gindin gadonsu, ga ciwon kai da kasala, yara sun yi fari fat, har shuke-shuken cikin gida suka bushe. Da aka duba, sai aka tarar murhun ɗumama gidan ne ya lalace yana zuba musu iskar kabon monoksayid, irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta wadda ke kashe mutane a ɗaki cikin barci. Da aka gyara murhun, komai ya lafa. Saboda haka ina roƙon duk wanda mutanen gidansa suka fara gane-gane tare da ciwon kai, ya fitar da su waje ya nemi likita kafin komai.

Wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya bayyana a 1998 yadda shi da abokan aikinsa suka riƙa jin tsoro ba dalili a ɗakin aikinsu, har ya ga wata siffa mai launin toka ta gefen idonsa. Washegari ya lura wani siririn takobin wasa da ya ɗaure a jikin teburin aiki yana karkarwa shi kaɗai, ya bi sawu, ya gano wata fankar fitar da iska ce ke haifar da sauti mai kaɗawa kusan sau 19 a daƙiƙa, wanda kunne ba ya ji. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba duka suka goyi bayan wannan bayani ba, don haka kada a mai da shi maganin kowace cuta. A shekarar 2000 kuma wani masanin halayyar ɗan Adam, Richard Wiseman, ya bi da ɗaruruwan maziyarta ta fadar Hampton Court da ke Ingila, inda ake cewa ana jin kururuwar Catherine Howard, matar Sarki Henry na Takwas da aka kashe a 1542. Mutane sun fi ba da rahoton baƙin abubuwa a wuraren da aka san su da fatalwa, ko da ba su da labarin wuraren tun farko, abin da ya sa masu binciken suka karkata ga cewa yanayin wurin ne ke taɓa jikin mutum. A ƙarshe, a tambayi shaida ko a kwance yake lokacin da abin ya faru, domin dannau, wanda mu ma mun san shi sarai, kan zo da nauyi a ƙirji da ganin mutum a ɗaki alhali jiki ya kasa motsi.

Almajirin Zaure ya amsa:

Allah ya saka wa Malama da Injiniya da alheri. Ina so in ja hankali kada bayanan nan su kai wani ga musun abin da Alƙur'ani ya tabbatar, domin aljanu halitta ce ta Allah, kuma sura guda aka saukar da sunansu. Amma imani da samuwarsu daban, gaskata cewa su ne suka jefi wane da tsakuwa a gida kaza daban. Na biyun labari ne, kuma a aya ta 6 ta Suratul Hujurat an umarce mu da yin bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun san wanda ya ji daga wa, da riƙon amanarsa, da ƙarfin haddarsa, kuma sukan yi taka-tsantsan da mai ruwayar da ke da wata riba a cikin abin da yake ruwaitowa. Idan aka ɗora labarin Borley a wannan ma'auni, mutumin da ya tattara shi shi ne mai sayar da littafinsa.

Sannan, ɗan'uwa Ɗan Kurmi, abin da masu labarin ke da'awa ba aljani ba ne, ruhin wata matacciya ce da ta dawo tana neman a binne ƙasusuwanta. A aƙidarmu wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa ya yi yawo a lambu, don haka babu abin da ya wajabta maka karɓar wannan.

Ɗan Kurmi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Saura abu ɗaya, Malama. An ce an yi hasashen gobarar da ta cinye gidan tun kafin ta auku, an kuma tono ƙasusuwan mace a ƙarƙashinsa. Wannan fa?

Malamar Tarihi ta amsa:

Hasashen ya fito ne daga wani zama da 'yar ɗaya daga cikin mataimakan Price ta yi da ɗan allon nan mai fensir da ake ɗora wa yatsu ana cewa ruhi ne ke rubutu da shi. Saƙon ya ce za a ƙone gidan a daren 27 ga Maris, 1938, kuma daren ya wuce ba abin da ya faru. Gobarar ta tashi ne ranar 27 ga Fabrairu, 1939, wata goma sha ɗaya bayan haka, lokacin da sabon mai gidan, Kyaftin Gregson, ya ce fitilar mai ce ta kife yana cikin kwance kaya. Kamfanin inshora ya bincika, ya yanke cewa da gangan aka sa wutar. Ƙasusuwan kuwa guntaye ne guda biyu da Price ya tono a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a 1943, aka ce na wata matashiya ne, aka binne su a maƙabartar cocin Liston da ke maƙwabtaka, amma babu abin da ya haɗa su da wata 'yar zuhudu in ban da saƙonnin allon nan. A 1944, ana cikin rushe gidan, mujallar Life ta buga hoton wani bulo yana shawagi a iska, Price kuma ya sa hoton a littafinsa na 1946, alhali 'yar jaridar da ke wurin ta shaida cewa lebura ne ya wurgo shi daga inda kyamara ba ta kama ba.