Hukuma ta ce a gyara, darakta ya saka takardar a durowa: kotu za ta iya tilasta shi?

Akawu_Mai_Haƙuri:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san doka. Ina aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikata, ba zan kira sunanta ba. Daraktanmu yana da kamfani da aka yi wa rajista da sunan ƙaninsa, amma shi ke juya shi, kuma kamfanin ne ke kawo mana takardu, tawadar firinta da dizal na janareta. Wani abokin aikina ya ƙi sa hannu a baucan dizal ɗin da ni da shi mun san ba a sauke ba, domin da kansa ya tsoma sanda a tanki ya ga inda man ya tsaya. Ba a jima ba aka tura shi wani ofis can cikin ƙauye, ga iyali, ga uwa marar lafiya a gari. Ya kai kuka Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, suka bincika, suka rubuto cewa a dawo da shi. Ni na karɓi wasiƙar, na buga mata tambari, na kai ofishin darakta. Har yau shiru. Shin idan ya ɗauki wannan wasiƙa ya je kotu, alƙali zai tilasta a bi ta? Abin yana hana ni barci, don a gabana aka yi.

Barista_A:
Wa alaikumus salam, Malam. Wasiƙar ba hukunci ba ce. Wannan hukumar, tun kafa ta a 1975, bincike take yi ta ba da shawara, ba ta da ikon da za a tura ma'aikacin kotu ya zartar da abin da ta rubuta. Ba kamar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ba, wadda bayan gyaran dokarta na 2010 ake iya yi wa hukuncinta rajista a babbar kotu a zartar da shi. Amma kada ya jefar da wasiƙar, hujja ce. Rikicin canjin wurin aiki da muzgunawa a wurin aiki na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, can zai shigar da ƙara, ya liƙa wasiƙar cikin takardunsa. Ya hanzarta, jinkiri na kashe ƙarar da ake kai jami'in gwamnati.

Batun kamfani kuma dabam ne, kuma ya fi nauyi. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka ƙyale, ya kuma hana shi saka kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa. Ana rubuta ƙorafi ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ita kuma ta miƙa wa Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. Wannan kotun tana da haƙora: tana iya tuɓe mutum, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar cin amanar ofis. Afuwar shugaban ƙasa ma ba ta shafar wannan horo. Wanda bai gamsu ba sai Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Tsohon_Sakatare:
Barista, Allah ya ƙara ilimi, abin da ka faɗa haka yake a takarda. Ni da na yi ritaya bayan na cike fom ɗin bayyana kadara sau da yawa, ina rantsuwa gaban alƙalin babbar kotu, ina so wannan yaron ya san abin da ido ya gani. An gurfanar da Bukola Saraki a 2015 kan batun bayyana kadara, yana shugaban majalisar dattawa. Kotun Ɗa'a ta sallame shi a 2017, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta dawo da tuhuma 3 cikin 18, Kotun Ƙoli ta wanke shi a Yulin 2018. Shekara uku ana kai-kawo. To ka duba Walter Onnoghen, alƙalin alƙalai a lokacin. A Janairun 2019 Kotun Ɗa'a ta ba da umarni ba tare da an ji ta bakinsa ba, Buhari ya dakatar da shi ana saura 'yan makonni zaɓe, a Afrilu aka same shi da laifi, aka ƙwace kuɗin asusunsa biyar. Sai a Nuwamban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, ta ce a mayar masa da asusun. Wa zai mayar masa da kujerar? Abin da ke ci mini rai ke nan: in fadar gwamnati na so, umarni na aiki cikin kwana biyu, in ba ta so, sai fayil ya tsufa. Kotun Ɗa'ar kanta mutum uku ne, shugaba da mambobi biyu, ga ƙasa mai jihohi 36.

Barista_A:
Baba, ban musa ba. Sai dai darakta ba Saraki ba ne, ba shi da tarin manyan lauyoyi, ba shi da rigar kariyar sashe na 308 na kundin tsarin mulki irin ta gwamna. Kuma idan kotu ta yi umarni ya ƙi bi, akwai fom 48 da ke gargaɗinsa, sai fom 49 da ke kiransa ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi kan raina kotu. Yawanci wannan takarda ce ke sa a buɗe durowa. Inda ake shan wuya shi ne karɓar kuɗin diyya daga asusun gwamnati.

Hajiya_Odita:
Ɗan'uwa, ni da kai zan yi magana. Kada ka fitar da fayil na asali daga ofis, da kai za a fara. Ka rubuta lambar kowane bauca, kwanan wata da adadin lita a littafinka na gida, mai bincike shi zai nemi asalin da kansa. Abokin naka ya nemi bayanan rajistar kamfanin a hukumar rajistar kamfanoni, ya ga sunayen daraktoci da adireshi. Ya kuma sanar da ƙungiyarku ta ƙwadago a rubuce. Sannan ka tambayi kanka tun yanzu: in an kira ka shaida, za ka je?

Akawu_Mai_Haƙuri:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan je. Na faɗa wa mai ɗakina daren jiya, ta ce in yi, ko da ni ma za a tura ni ƙauyen. Barista, ƙorafin da za a kai Hukumar Ɗa'a, dole ne a sa suna da sa hannu, ko ƙungiya za ta iya rubutawa a madadinmu?