Abin da Muka Tsinta a Hirar Tauna Abinci

Jiya bayan la'asar, giɓin wani dattijo a majalisarmu ya jawo doguwar hira kan tauna. Ga abin da na riƙe.

Babban mutum haƙora 32 gare shi, kowanne da aikinsa: na gaba su gutsura, fiƙa ta yaga kilishi, turame su niƙa. Harshe kuwa shi ke juya lomar, yana mayar da ita ƙarƙashin turame, sannan ya dunƙule ta ya tura maƙogwaro.

Batun yawu ya fi ɗaukar hankalina, don ban taɓa ba shi muhimmanci ba. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ce mu gutsuri gurasa mu yi ta taunawa ba haɗiya. Wallahi can sai ga ɗan zaƙi a baki! Ashe akwai sinadarin amilas a yawu, wanda ke fara mayar da sitaci sukari tun kafin abinci ya isa ciki. Busasshen harshe ma ba ya jin ɗanɗano sosai.

Shawarar da aka fi nanatawa: a rage girman loma, a tauna a natse ta ɓangarorin biyu, a yawaita shan ruwa, a daina buɗe kwalba da haƙori. Wanda ciwo ya sa yake tauna da gefe guda, ya je a duba shi da wuri.