Fuskar kwamfutata ta cika da fayiloli, ku ba ni shawara

Ɗaliba daga Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Ina ajin ƙarshe, ina kan rubuta furojet, kuma fuskar laftof ɗina ta cika maƙil da fayiloli, har hoton da na sa a baya ba ya ganuwa. Babi na uku kaɗai kwafi shida gare shi: akwai "babi na uku", akwai "sabo", akwai "gyararre", akwai "na ƙarshe". Jiya na buga wanda ba shi ba na kai wa malamin da ke duba aikina, ya buɗe ya tarar gyaran da ya yi min tun watan jiya babu ko ɗaya a ciki. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Ku yaya kuke tsara naku?

Mai gyaran kwamfuta a PZ: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a zo maganar tsari, yau ɗin nan ki kwashe aikinki daga fuskar kwamfutar. Mutane da yawa ba su san cewa fuskar nan ita ma folda ce ba, kuma a cikin C take zaune, wato babban ɓangaren faifan ajiyar kwamfutar, wuri ɗaya da Windows. Ranar da Windows ya ƙi tashi aka ce sai an goge an sa sabo, idan mai gyaran bai tsaya ya kwafe miki kaya ba, duk abin da ke fuskar ya tafi. Na sha ganin ɗalibi ya zauna a bencin shagona ya rafka tagumi saboda wannan. Ga shi kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, mutane na ta kawo na'urori a sa musu Windows 11, goge-goge ya yi yawa. Idan kina da wani ɓangaren ajiya mai suna D, ki buɗe folda ɗaya a can ki sa mata suna Furojet. Sai ki danna mata dama, ki zaɓi Send to, ki tura gajeriyar hanyarta zuwa fuskar. Ko an goge gajeriyar hanya, aikinki na nan.

Dattijo daga Ƙofar Doka: 'Yata, Allah ya ba da sa'a. Ni aikin rajista na yi har na yi ritaya, tun zamanin fayil na kwali mai igiya. Dokar da aka koya mana ita ce, tebur na takardar da kake aiki a kanta yau ne, da an tashi kowace takarda ta koma fayil ɗinta, fayil ya koma kanta. Haka nake yi wa kwamfutata. A cikin babbar foldarki ki yi ƙanana, ki sa musu lamba a gaba: 01 Babi na ɗaya, 02 Babi na biyu, har zuwa na biyar, sai ta madogara da ta bayanan da kika tattaro. Lambar ce za ta sa su jeru yadda kike so. Ki ƙara guda ɗaya mai suna Tsofaffi. Duk kwafin da aka wuce shi ki tura shi can, kada ki goge, don wani lokaci malami kan ce a dawo da sakin layin da shi da kansa ya sa aka cire.

Mai shagon buga takardu a Kongo: Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne suna. Hajiya, ki daina rubuta "sabo" da "na ƙarshe", domin sabon yau gobe tsoho ne. Kwanan wata za ki sa, ki fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar haka: 2025-11-03 babi3. Idan kika yi haka kwamfuta da kanta za ta jera su daga na farko zuwa na baya-bayan nan, na ƙasa shi ne wanda za ki buga. Da ƙaramin layin nan na kwance za ki raba su, Windows ba ya karɓar / ko : ko alamar tambaya a sunan fayil. Ki danna fayil ɗin sau ɗaya ki latsa F2, nan take za ki canza suna. Sabuwar folda kuma Ctrl da Shift da N.

Matashi daga Sabon Gari: Ni dai gaskiya ban cika wahalar da kaina da folda cikin folda ba. Akwai wata ƙaramar manhaja kyauta, Everything sunanta. Kana fara rubuta haruffa biyu uku na sunan fayil take fito maka da shi ko a wane lungu yake. Ta fi binciken da ke cikin Windows sauri nesa ba kusa ba.

Malama daga Tudun Wada: Ƙanena, manhajar tana da kyau, ni ma ina amfani da ita, amma suna take nema. Ita da ke da fayil shida duk "babi na uku", shida ɗin za ta zubo mata, ba za ta ce ga wanda malam ya gyara ba. Sai an gyara sunaye tukuna take da amfani.

Ƙanwata, ga wata dabara da ta taimake ni da takardun jarrabawar yara. Ki buɗe File Explorer da madannin Windows da E, ki danna wa foldar furojet ɗinki dama ki zaɓi Pin to Quick access, kullum za ki gan ta a gefen hagu. Idan kuma kina so ta fita daban, ki shiga Properties, sai Customize, ki canza mata tambari. Tawa ta sakamakon jarrabawa tambarin tauraro na sa mata, ko ina sauri ba na ɓata. Amma ki kula, akwai masu cire alamar Show desktop icons su ga fuska ta yi fes su ɗauka sun yi shara. Ɓoye su kawai aka yi, suna nan a cikin C.

Ɗaliba daga Samaru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya mai gyara, to filashi fa? Kwanaki na kai nawa wani shago aka buga min takarda, da na dawo gida duk foldodina sun zama masu ɗan kibiya a jiki, ban taɓa shi ba tun ranar.

Mai gyaran kwamfuta a PZ: Madalla da ba ki taɓa ba. Bairos ne, kuma yawanci ba ya goge kaya, ɓoye su yake yi ya ajiye na bogi masu kibiya a madadinsu. Kada ki danna ko ɗaya, dannawar ce ke shigar da shi kwamfutarki. Ki fara bincika filashin da Windows Security, manhajar tsaron da ke cikin Windows. Sannan ki duba harafin da aka ba shi, a ce E ne, ki buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ki latsa Enter. Foldodinki na gaskiya za su bayyana, ki kwafe su, ki goge filashin gaba ɗaya. Kuma ki shiga View ki kunna File name extensions, don ki riƙa ganin wutsiyar kowane fayil. Takardar Word da docx take ƙarewa. In kika ga abu mai kama da takarda ko folda amma wutsiyarsa exe ko vbs, ki nisance shi.

Wani abu kuma, kada ki saki jiki da D. A yawancin laftof C da D faifai ɗaya ne aka raba biyu, in faifan ya mutu tare suke tafiya. Dole ki sami kwafi a wajen na'urar.

Malama daga Tudun Wada: Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, amma da Gmail da hotunanki ake raba shi. OneDrive 5 ne. Takardun Word ba su da nauyi, data kaɗan za su ci. Ni duk Juma'a bayan la'asar nake tura nawa, ko babu wuta na haɗa da intanet ɗin waya.

Mai shagon buga takardu a Kongo: Kuma in za ki zo bugawa, ki mayar da babin PDF ki turo ta imel ko WhatsApp, filashi ya zauna a gida. Shafukanki ma ba za su goce ba ko da kwamfutarmu ba ta da irin rubutun da kika zaɓa.

Ɗaliba daga Samaru: Alhamdulillahi, na yi yadda kuka ce. Fuskar yanzu kwandon shara ne kawai da gajeriyar hanyar furojet. Saura abu ɗaya: cikin kwafi shidan nan, ta yaya zan gane wanda na taɓa a ƙarshe kafin in sa musu kwanan wata?

Dattijo daga Ƙofar Doka: Ki tara su a folda ɗaya, ki shiga View ki zaɓi Details, ki danna kan Date modified. Za su jeru da rana da lokaci. Amma ki buɗe na saman ki gwada shi da takardar da malaminki ya yi wa jan biro, shafi da shafi, kafin ki tura sauran biyar ɗin cikin Tsofaffi.