Wai an hana sayar da kayan lantarki na hannu?

Sani Mai Caja: Salamu alaikum. An turo mini saƙo wai gwamnati ta haramta sayar da kayan lantarki na hannu, har da laftof 'yan Beljiyam. In haka ne ai mu 'yan PZ ta Zariya sai mu rufe shago.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Sani, kwantar da hankalinka. Dokar da hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar a 2011, aka sabunta ta a 2022, ta fi ƙarfi a kan shigo da kaya daga waje. Mai shigowa sai ya yi rajista, kuma kayan su kasance suna aiki. Wanda ya mutu shara ne a wurinsu. Ba wanda ya hana ka sayar da laftof mai rai.

Malam Lawal: To ni nan ta taɓa ni, Injiniya. Kun san ina tara tsofaffin kwamfutoci a gidana na Samaru. Commodore 64 da ZX Spectrum duk a 1982 suka fito. Irinsu da yawa ba sa tashi sai an sake musu wasu 'yan kayan ciki. Da wannan ma'aunin, abin tarihi da bola duk ɗaya ne ke nan.

Hajiya Binta: Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Mun manta da garin Koko na jihar Delta? A 1988 aka jibge mana shara mai guba daga Italiya a can, shekara ɗaya kafin a sa hannu a yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe. Gilashin tsofaffin allunan kwamfutar nan masu ƙeya akwai dalma a ciki. Mun ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, duk da can haƙar zinare ce ta jawo. Yaranmu ne ke ƙona wayoyi suna shaƙar hayaƙin don su ciro jan ƙarfe.

Malam Lawal: Hajiya, ban musa ba. Amma a Japan a 2006, da aka zo hana sayar da tsofaffin kayan da ba su da tambarin ingancin kayan lantarki na PSE, mawaƙa da 'yan gwanjo suka yi ca, sai da gwamnati ta sassauta wa tsofaffin kayan kiɗa. Kuma a 2014 an sayar da Apple-1, kwamfutar farko ta kamfanin Apple, guda ɗaya dala 905,000 a Amurka. Wannan shara ce?

Alhaji Ɗanjuma: Malam, ka buɗe wannan ƙofar, gobe kowace kwantena a Apapa sai ta zama ta tarihi. Mun san halinmu.

Injiniya Bashir: Alhaji ya faɗi gaskiya. Kuma Malam, abin da ke cinye maka tarihi a Zariya ba doka ba ce, 'yan jari-bola ne. A kilo suke saye, guduma ce ke binta. Duk tsohuwar kwamfutar da ofis ya fitar can take ƙarewa.

Malam Lawal: Wallahi wannan ya fi yi mini ciwo. Amma ina nan kan bakana, dokar na buƙatar gyara.

Hajiya Binta: Ni kuma na ce a bar ta yadda take.

Sani Mai Caja: Ni dai gobe zan buɗe shago ke nan. Malam, akwai wata tsohuwar IBM mai cin faifan fulofi a ƙarƙashin bencina, ba ta tashi. Nawa za ka ba ni kafin mai buhu ya zo?