Muhawara: shin lambar fifiko 255 ta isa ta ɗora rauta kan kujerar DR a OSPF? (Rauta na'ura ce mai tura bayanai tsakanin netwok, OSPF tsari ne da rautoci ke musayar hanyoyi da shi, DR kuma ita ce rautar da ake zaɓa ta jagoranci musayar a layi ɗaya.)

Ɗan Lab: Salam jama'a. Ni dai a fahimtata in kana so rauta ta zama DR kawai ka shiga intafes ɗinta (mahaɗar da ta jonu da layin) ka buga umarnin ip ospf priority 255 shikenan, ai ƙa'idar kenan wanda lambarsa tafi girma shi ke cin zaɓe, in anyi kunnen doki a duba lambar shaidar rauta. Wani yace min ba haka bane, meye abin gardama anan dan Allah?

Yaya Injiniya: Ƙanena wanda ya faɗa maka yayi gaskiya. OSPF baya sauke wanda ya riga ya hau kujera. Ni abin ya faru dani a wurin aikinmu, aka ɗauke wuta janareto ya tashi, ƙananan rautoci biyu suka riga babbar gama tashi, suka jira daƙiƙa 40 da ake jira kafin zaɓe basu ji hello ɗinta ba (saƙon da rauta ke sanar da kanta da shi) sai ɗaya ta zama DR ɗaya BDR wato mataimakiyar DR, babbar mai 255 tazo ta tarar an gama rabo ta zauna a DROTHER, wato ba DR ba kuma ba BDR ba, kuma haka muka yi kwanaki bamu lura ba wlh.

Ɗan Lab: To Yaya ba sai ayi clear ip ospf process akan DR ɗin a sake tada OSPF ɗinta ba?

Yaya Injiniya: Kana yi BDR ce zata haye, babbar taka ta samu BDR kawai. Sai ka sake yi karo na biyu, kuma kowane karo kana girgiza hanyoyin mutane ana tsaka da aiki.

Hajiya Net: Shiyasa kullum nake cewa ƙarfin yana wurin sifili. Duk rautar da baka so ta shiga takara ka bata 0, har abada bazata zama DR ko BDR ba ko ita ta fara tashi. Amma ka bar guda biyu da lamba, in ɗaya ka bari ta mutu babu DR, sauran su tsaya a matakin 2-WAY, suna jin juna amma babu mai musayar hanya da wani.

Mai Juniper: Hajiya na yarda da sifili, amma ni ina ganin wannan rashin sauke DR ɗin aibi ne a tsarin. IS-IS fa, ɗaya tsarin musayar hanyoyin? Mai babbar lamba na shigowa take karɓe DIS, wato kwatankwacin DR a can, kasan wanda zai riƙe tun daga konfig. Sannan ku kula in kun haɗa kaya, a OSPF rautar Cisco na zuwa da lambar fifiko 1, ta Juniper kuma (mai manhajar Junos) 128, wanda bai sani ba sai yaga Juniper ta cinye zaɓe.

Yaya Injiniya: Malam ba aibi bane da gangan aka yi. A IS-IS kowa ya ƙulla da kowa a layin, canjin DIS baya rusa ƙullin. A OSPF kuwa kowa da DR da BDR kaɗai yake cikakken ƙulli, rautoci 10 maimakon ƙulli 45 sai 17, to in duk wadda ta shigo zata ƙwace kujera ai rauta ɗaya mai yawan mutuwa da tashi ta isa ta hana kowa sakat.

Mai Juniper: Na ji dalilin, amma da sun bar mana zaɓi mu kunna ko mu kashe. Har yanzu ina nan akan bakana.

Hajiya Net: Inda abin yafi ciwo shine NBMA (layin da saƙo ɗaya baya isa ga kowa a tare) mai cibiya da rassa, reshe ya zama DR alhali baya iya kaiwa ga sauran rassa. Kuma kar wani ya dogara da lambar fifikon reshe da ya rubuta a cibiya da umarnin neighbor priority, da zarar hello ɗin reshen ya iso lambar dake cikinsa ake ɗauka, a kan intafes ɗin reshen kansa zaka sa 0.

Ɗan Lab: Nagode, na janye maganata. Amma in rautoci biyu ne kacal a waya ɗaya fa Hajiya?

Hajiya Net: Nan ka buga ip ospf network point-to-point a ɓangarorin biyu, babu zaɓe babu jiran daƙiƙa 40.