Tambaya: Mene ne haɗin ɗumamar teku da daminar Kebbi?

Manomin Fadama, Argungu:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga malamai da masana da ke wannan zaure, kuma ina roƙon a amsa mini da Hausar da zan iya kai wa dattawan unguwarmu. Duk lokacin da aka yi maganar ɗumamar yanayi a rediyo sai in ji ana ambaton teku, ana cewa ruwansa ya yi zafi, ƙanƙarar ƙarshen duniya tana narkewa, kuma teku yana cin gaɓa. Mu nan Kebbi tsakaninmu da teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomitoci, yawancin mutanenmu ma ba su taɓa ganinsa ba. Abin da muke gani da idonmu shi ne damina ta bar ƙa'idar da muka gada. Ruwa yakan sauka a yi shuka, sai ya ɗauke har tsiro ya ƙone a koma neman iri, sa'an nan a watan Agusta ko Satumba ya zo da ƙarfin da zai shanye fadama gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a 2020, lokacin da shinkafar da ta kusa yanka ta nutse tun daga Argungu har Bagudo da Yauri. Masunta kuma suna kukan cewa kifi ya ragu. Shin da gaske akwai haɗi tsakanin waccan maganar ta teku da wannan hali da muke ciki, ko kuwa abubuwa ne biyu dabam?

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai haɗi, kuma mai ƙarfi ne, domin ruwan da ke sauka a gonarka daga teku yake tasowa. A lokacin bazara ƙasar Sahel da Sahara takan yi zafi fiye da ruwan Tekun Atlantika, sai wannan bambanci ya jawo iska mai laima daga kudu maso yamma, wato daga Mashigin Tekun Gini, ta nufo arewa. Inda wannan iska ta haɗu da busasshiyar iskar da ke fitowa daga hamada, a bayan wannan iyaka ne hadari ke haɗuwa. Iyakar takan hauro a hankali har ta iso mana wajen watan Mayu zuwa Yuni, ta koma kudu a Oktoba, hunturu ya biyo baya. Saboda haka duk abin da ya taɓa zafin teku ya taɓa lokacin zuwan damina da yawan ruwanta.

To, me ya taɓa zafin tekun? Ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, haɗe da sare dazuzzuka, ya ƙara iskar kabon a sararin samaniya daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau, ita kuwa wannan iska tana riƙe zafin da ya kamata ya fice daga duniya. Kimanin kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarin zafi teku ne ke shanye shi. Da ba don haka ba, da zafin da muke ji a kan tudu ya wuce abin da ɗan Adam zai jure. Amma shanyewar tana da nata sakamako, domin ruwa mai ɗumi ya fi fitar da tururi, iska mai ɗumi kuma ta fi ɗaukarsa: duk ƙarin digiri 1 a ma'aunin Salshiyas yana ba iska damar riƙe ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin 100. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara awo, da kimanin digiri 1.5 sama da yadda ake kafin masana'antu.

Wannan ne ya kai ni ga abin da kake gani a fadama. Iskar da ke iya riƙe laima mai yawa takan fi saurin busar da ƙasa a ranakun da babu hadari, idan kuma ta tashi saukewa sai ta sauke da yawa a lokaci guda. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan hadarurruka masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku, kuma masu binciken sun danganta hakan da yadda Sahara ke ƙara zafi. Ma'ana, ana iya lissafa ruwan shekara a ga bai gaza ba, amma manomi ya yi asara sau biyu, da fari a farkon damina da ambaliya a ƙarshenta. Kamar mai ban ruwa ne da ya hana shuka ruwa mako biyu, sa'an nan ya juye mata randa guda a rana ɗaya.

Dattawanku za su tuna farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985. An daɗe ana ɗora laifinsu a kan kiwo da saran itace kaɗai, amma daga baya masana suka nuna cewa babban dalilin yana cikin teku: arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da tekunan kudu, sai layin damina ya maƙale a kudu bai hauro sosai ba. A wancan zamani ne Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

Ɗan Sarkawa, Yauri:

Malama, Allah ya saka da alheri, bayanin ya gamsar. Sai dai a kan maganar kifi ina so in ja hankalin ɗan'uwana mai tambaya, kada mu ɗora wa ɗumamar yanayi dukan kayan, alhali wasu mu ne muka ɗaure su. Kifin kogi a fadama yake haihuwa. Idan ruwa ya cika ya malala cikin ciyawa, nan tarwaɗa da gargaza da bargi ke zuba ƙwai, nan 'ya'yansu ke samun abinci da maɓoya har su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, da ta Goronyo a kan Rima, duk sun canza lokacin cikar ruwa da tsawonta. Ga kuma masu kamu da raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, suna kwashe kifin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ga masu zuba guba a ruwa, ga yashi da ke cike gurbi. Waɗannan ba daga teku suka zo ba, kuma sarakunan ruwa da hukuma suna iya hana su idan an tashi tsaye.

Inda na yarda zafi yana da hannu shi ne a tafkuna da guraben da ruwa ke tsayawa da bazara. Wanda ya je bakin irin wannan ruwa da asuba a watan Afrilu zai ga kifi ya taso sama yana buɗe baki, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Tarwaɗa takan jure saboda tana iya shaƙar iska daga sama, amma giwan ruwa, wanda shi ne abin alfaharin masu homa da gora a Matan Fada, ba ya jure ƙarancinta. Bikin Argungu da aka fara a 1934, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, a kan lafiyar wannan ruwa ya dogara.

Baba Manomi, Bunza:

Ɗana na Yauri ya faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da abu guda. A da tudun da ke sama da fadamarmu cike yake da gawo da ƙirya da kalgo, idan aka yi ruwa ƙasa ce ke sha kafin ragowar ta gangaro. Yau tudun ya zama fako, ruwa yana sauka yana gudu, yana yanka kwazazzabo yana kwaso yashi zuwa gulbi. Ko da ruwan sama bai ƙaru ba, ambaliya za ta ƙaru, balle kuma ga shi Malama ta ce saukarsa ma ta ƙara ƙarfi. Ni a ganina abubuwan biyu ne suka haɗu a kanmu.

Manomin Fadama, Argungu:

Na gode, Baba, na gode Malama da ɗan'uwana. Saura abu biyu. Su halittun da ke cikin tekun kansa, wane hali suke ciki? Sa'an nan mu da noman rani ya zama mana madogara, shin zafin yana taɓa shinkafa ko da ruwa ya wadata?

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:

Abin da Baba ya faɗa masana ruwa sun auna shi a kogunan Sahel, sun tarar ruwan da ke gangarowa ya ƙaru a wuraren da ƙasa ta zama fako, har a shekarun da ruwan sama ya ragu.

Game da teku, ban da zafi yana kuma shan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa, abin da ya ƙara masa tsami da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma wannan tsami yana wahalar da halittu masu ƙwanso wajen gina jikinsu. Murjani, wanda ɗimbin kifaye ke rayuwa a cikinsa, yakan koɗe ya yi fari idan ruwa ya daɗe da zafi, kuma babban shingen murjani na Ostareliya ya sha wannan a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024. A gaɓar Senegal da Muritaniya an lura ƙananan kifayen da talakawa ke ci suna matsawa arewa. Ruwan teku kuma ya hau da kimanin santimita 20 tun daga 1900, saboda ruwa yana kumbura idan ya yi ɗumi kuma ƙanƙarar kan tudu tana narkewa, shi ya sa garuruwa irin su Ayetoro a jihar Ondo, inda zaizayar gaɓa ta riga ta yi tsanani, suke rasa gidaje.

Shinkafa kuwa, e, Malam, zafi yana taɓa ta ko da ƙafarta tana cikin ruwa. Idan zafin rana ya haura digiri 35 a daidai lokacin da take fure, ƙwaya da yawa ba ta cika, sai a ga zangarniya tsaye amma fanko ne. Wannan abin damuwa ne ƙwarai ga mai noman rani da ya makara, wanda furensa zai faɗo a ƙarshen Maris ko Afrilu. Ka tuna zafin Afrilun 2024, lokacin da aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wanda masu bincike suka ce da ba don ɗumamar da mutane suka jawo ba da bai kai haka ba. Yana yi mini ciwo cewa Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, amma manomanmu ne ke biya.

Shawarata ita ce ka gaggauta dashen rani domin fure ya riga tsananin zafi. Na damina kuma, hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen farkon damina da ƙarshenta a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai auna ruwan koguna kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, don haka ka nemi na Argungu wajen malaman gona kafin ka saka iri a ƙasa. Ga fadamar da ruwa ke shanyewa, ka tambaye su irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, domin suna iya jure nutsewa har kimanin mako biyu su sake tasowa idan ruwa ya janye.